Manhajar Kowa, Bayaninta Aikin Wa?

  Gaisuwa ga mutanen Birnin Konni da Tsernawa da Bazaga. Gaisuwa ga na Malbaza da Galmi da Dogarawa. Gaisuwa ga na Illela da Badagishiri da Tajaye, da ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka da muryar nan ke riska. Yau za mu tattauna kan wani aiki da ba a cika ba shi daraja ba, alhali ana matuƙar buƙatarsa. Aikin shi ne rubuta bayanin yadda ake amfani da manhajojin da aka bar wa kowa a buɗe. Magana ɗaya nake so in kafa, kuma za ku ji ina maimaita ta: manhajar da ba ta da bayani cikin harshen da muke ji ba ta gama isowa gare mu ba, kuma mu ne ya kamata mu rubuta wannan bayani. Na raba shirin gida huɗu. Na farko, mece ce irin wannan manhaja. Na biyu, yadda rashin bayani ke tauye amfaninta. Na uku, ta ina mutum zai fara. Na huɗu, amsa ga masu ja da maganar, domin suna da hujjojin da suka cancanci a saurara.

To, ga kashi na farko. Manhaja ita ce jerin umarnin da ke sa waya ko kwamfuta ta yi aiki. Duk abin da kake dannawa a salularka ya buɗe, manhaja ce. Wasu manhajojin, kamfani ne ke riƙe da asirinsu. Kana iya amfani da su, amma ba ka da ikon ganin yadda aka rubuta su, balle ka gyara. Wasu kuwa an bar tushensu a fili. Lasisinsu, wato takardar sharuɗɗansu, ya yarje wa kowa abu huɗu: ya yi amfani da manhajar, ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Su ake kira manhajoji masu buɗaɗɗen tushe. Tafiyar ta daɗe. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya ƙaddamar da aikin GNU a kan wannan aƙida. A 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux, ya bar ƙofa a buɗe ga duk mai iya sa hannu. Kada ka ce wannan labarin Turai ne kawai. In wayarka Android ce, to a kan Linux aka gina ta. In da VLC kake kallon bidiyo, ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faransa suka faro ta, kuma har yau masu sa kai ne ke kula da ita.

Bari mu matso kusa da gida. Alƙaluman kiwon lafiya na Nijar, irin su yawan masu zazzaɓin cizon sauro, da yaran da aka yi wa rigakafi, da matan da suka zo awon ciki, ana tattara su ne cikin wata manhaja mai suna DHIS2. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ta, an fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, yanzu ƙasashe fiye da 70 ke amfani da ita, har da Nijar da Najeriya. Matasan da kuke gani suna zagaya ƙauyuka da waya a hannu suna yi wa manoma da magidanta tambayoyi, da yawansu KoboCollect ko ODK Collect suke buɗewa, manhajojin da ke aiki ko babu rezo, wato sabis ɗin waya. Akwai kuma OpenStreetMap, taswirar duniya da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya zana unguwarsu a ciki, kuma a nan Nijar akwai masu sa kai da ke wannan aiki. Ita kanta Wikipedia ta Hausa, a kan irin wannan manhaja take tsaye. Ashe ke nan abin yana cikin asibitinmu, yana cikin gonarmu, yana cikin aljihunmu.

Yanzu sai kashi na biyu: ina matsalar take? Kowace manhaja tana da rubutu iri biyu. Akwai wanda na'ura ke karantawa, shi ne umarnin. Akwai wanda mutum ke karantawa, shi ne bayanin: yadda ake saka manhajar, yadda ake fara aiki, abin da kowane madanni ke nufi, da abin da za a yi idan ta ƙi. Na farkon yana samun masu yi. Na biyun ne maraya. Ga shaida. A 2017 kamfanin GitHub, wanda a shafinsa ake ajiye mafi yawan waɗannan ayyuka, ya yi wa mutum fiye da 5,000 tambayoyi. Kashi 93 cikin ɗari sun ce bayanin da bai cika ba, ko wanda zamani ya wuce, matsala ce da ta game ko'ina. Amma kashi 60 cikin ɗari na masu ba da gudummawa sun ce da wuya su taɓa rubutun bayani, wasu ma ba su taɓa yi ba. Ku sake ji: kusan kowa na kuka, amma fiye da rabi ba sa sa hannu. Wannan fa a tsakanin mutanen da galibinsu ke jin Ingilishi ne. To ina ga wanda ya yi karatu da Faransanci? Ina ga wanda Hausa kaɗai yake karantawa?

Mu ɗauki misali. Wata ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin karkara. Ƙarshen wata ya yi. Ta cika rahoto, ta danna ta aika, sai wani jan rubutu ya fito yana cewa alƙalumanta sun saɓa wa juna. An ba ta horo na kwana uku bara, amma wanda ya horar da ita ya koma Yamai. Ta kira abokiyar aiki, ita ma ba ta sani ba. Rahoto ya makara, ko kuma a sauya lamba don kawai jan rubutun ya ɓace. Daga irin waɗannan alƙaluma ake lissafa maganin da za a turo. Ga wani kuma, saurayi ne da aka ɗauka ya yi ƙidayar manoman albasa a kwarin Magiya. Ya yi kwana biyu yana cika fom, bai san bambancin adanawa a waya da aikawa ba. Waya ta cika, ya goge manhajar don ya samu wuri, aikin ya tafi. Babu ɗaya a cikinsu da ya rasa basira. Manhajar ma ba ta lalace ba. Abin da ya ɓace shafi ɗaya ne na bayani, cikin harshe mai sauƙi, a wurin da hannu zai kai.

Mutanen Konni sun san wannan daga aikin noman rani. Ruwa na taruwa a madatsun Mozage da Zango. Injiniyoyi sun gina babbar hanyar da ke kawo shi. Amma idan ƙananan magudanan da ke shiga fili-fili suka toshe da yashi da ciyawa, ruwan na nan a madatsa, shuka kuwa na bushewa. Kuma ba wanda ke jiran injiniya ya zo daga nesa ya yashe masa magudanar bakin gonarsa. Haka manhajar nan take. Manyan masana sun yi babban gini. Bayani shi ne ƙaramar magudanar da ke kai amfanin ga mai buƙata, kuma na kusa da ita ne ya san inda ta toshe.

Mun iso kashi na uku: wa zai yi, kuma ta ina zai fara? A nan akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Wanda ya ƙera manhaja ba shi ne ya fi kowa iya bayaninta ba. Ya san ta har ya manta yadda rashin saninta yake. Yakan tsallake mataki, don a ganinsa kowa ya sani. Sabon shiga shi ne ke tuntuɓe a daidai wurin da aka tsallake, saboda haka shi ne ya san wurin. Wannan tuntuɓen naka ilimi ne, muddin ka rubuta shi kafin ka manta. Don haka mataki na farko: zaɓi manhaja ɗaya da kake aiki da ita. Ɗaya tak. Mataki na biyu: buɗe jagorar da ke akwai, ka riƙa bin ta kana aikatawa, da littafi da alƙalami a gefe. Duk inda ka tsaya, rubuta. Duk inda hoton da ke cikin jagora ya bambanta da abin da ke fuskar wayarka, rubuta. Mataki na uku: sanar da masu aikin. Kusan kowane aiki yana da wurin kai rahoton matsala, yana kuma da takardar da ke koya wa baƙo yadda ake ba da gudummawa. Karanta ta tukuna. Rahoto mai kyau yana faɗin abu uku: abin da na yi, abin da na zata zai faru, abin da ya faru.

Mataki na huɗu shi ne gyara da hannunka. Jagorar ODK, alal misali, a buɗe take a GitHub. Kana iya gyara jimla ɗaya, ka miƙa, wani ya duba, in ta yi a karɓa, in da saura a gaya maka. Ba a shigar da gyaran kowa sai an duba, don haka kada tsoron ɓata abu ya hana ka. Mataki na biyar shi ne fassara. Akwai shafukan da aka tanada don haka, irin su Transifex da Weblate da translatewiki. Jimlar asali na gefe guda, kai kuma ka rubuta ta Hausa a ɗaya gefen. Ba a buƙatar sanin rubuta umarnin kwamfuta ko kaɗan. Sai dai a kula, bayani ba iri ɗaya ba ne. Masana wannan fanni sun kasa shi huɗu: darasin koyo ga wanda bai taɓa gani ba, jagorar warware matsala ɗaya ga wanda ke tsakiyar aiki, jerin ma'anoni ga mai neman tabbaci, da sharhi ga mai son sanin dalili. Abin da muka fi ƙishirwa a nan shi ne na biyun. Shafi ɗaya, matsala ɗaya: yadda za ka tabbatar fom ɗinka ya tafi, ko abin da za ki yi idan rahoto ya ƙi karɓuwa.

Ga ƙa'idoji huɗu na rubuta irin wannan shafi, ku riƙe su. Ɗaya, kowane mataki jimla guda, a fara da aikin da za a yi: buɗe, danna, jira. Biyu, a rubuta kwanan wata da lambar zubin manhajar, domin manhaja na sauyawa, bayanin bara yana iya ɓatar da mutum bana. Uku, a gwada. Miƙa wa wanda bai san aikin ba, ka yi shiru, ka kalle shi yana bi. Inda ya tsaya, laifin rubutun ne, koma ka gyara. Huɗu, kuma wannan amana ce: idan za ka sa hoton fuskar waya, kada sunan majinyaci ko lambar wayar wani ko bayanin gidansa ya fito. Yi amfani da bayanan gwaji. Sannan ga waɗanda ba sa karanta boko, a karanta shafin da murya a tura musu. Amma a tabbata rubutaccen yana ajiye a wurin da kowa zai samu, ƙarƙashin lasisin da ya yarda a kwafa. Saƙon da ya tsaya a WhatsApp kaɗai, bayan wata ɗaya ya nutse.

Masu saurare, ga kashi na huɗu, inda za mu saurari masu ja. Na farko zai ce: Hausa ba ta da kalmomin wannan fanni, kuma ai ma'aikata na jin Faransanci. Gaskiya ne da yawa suna ji, kuma gyara jagorar Faransanci ma gudummawa ce babba. Amma ba ma'aikacin ofis kaɗai ke riƙe da waya ba. Akwai wakilan lafiya na ƙauye, da sakatarorin ƙungiyoyin manoma, da matan da ke riƙe da littafin asusu. Batun kalmomi kuwa, harshe na samun su ne wurin aiki. Sashen Hausa na BBC yana watsa labaran duniya tun 1957, siyasa da kimiyya da tattalin arziki, bai tsaya don rashin kalma ba. Nijar ta daidaita ƙa'idar rubutun Hausa tun 1999, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi ba zai yi nauyi ba sai harshen ya shiga kayan aikin yau da kullum. Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. A Maratta, cikin wannan yanki namu, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Shi da almajiransa sun san Larabci sarai, amma suka yi rubutu da Fulatanci da Hausa don talaka ya fahimta. Ƴarsa Nana Asma'u ta tsara jajis, mata masu kai karatu ƙauye-ƙauye. Sauko da ilimi zuwa harshen jama'a gadonmu ne.

Na biyu zai ce: aikin kyauta ne, ni kuwa ina neman na tuwo. Wannan hujja ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Ba wanda ya ce ka bar sana'arka. Amma a duba abu biyu. Na ɗaya, duk gyaran da aka karɓa yana nan da sunanka a fili, kowa na iya gani. Ga matashin da ya gama karatu a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa yana neman aiki, wannan shaida ce da ba a saye a kasuwa. Akwai ma masu biya. Shirin Outreachy yana ɗaukar masu koyon aiki daga nesa na wata uku, yana ba su dalar Amurka 7,000, kuma rubutun bayani na cikin ayyukan da ake yi. Kamfanin Google ma ya taɓa buɗe wani shiri a 2019 don tallafa wa marubutan jagora. Samun irin waɗannan sai da gasa, ban ce kowa zai samu ba. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci: bai kamata nauyin ya tsaya kan masu sa kai ba. Duk hukuma ko ƙungiyar da ke kashe kuɗi wajen tara mutane horo na kwana uku, ta ware wani abu don a rubuta jagora da Hausa, a biya marubucin, a kuma saki rubutun ga kowa. Horo na tafiya da wanda aka horar ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Rubutu kuwa yana jiran wanda zai gaje shi.

Na uku zai ce: ai yanzu na'ura na fassara, me zai sa mu wahala? Gaskiya ne Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, kuma tana taimakawa wajen zubin farko. Amma na'ura na fassara abin da aka rubuta ne kawai. Matakin da aka tsallake, ba ta san da shi ba. Ba ta san cewa waya ɗaya mutum uku ke aiki da ita ba. Ba ta san cewa sai an hau tudu ake samun rezo ba. A harkar lafiya kuma, kuskuren kalma ɗaya na iya sauya adadi. Dole mutum ya duba. Na huɗu zai ce: intanet da tsada, wuta na ɗaukewa. Haka ne. Amma rubutu ba bidiyo ba ne, ba ya cin kuɗin intanet sosai. Ana iya tsara shafin a takarda da rana, a buga a waya, a aika lokacin da rezo ya samu. Na biyar zai ce: Hausar Konni ba ta Kano ba ce, mu muna cewa lakwal, su suna cewa makaranta, wa za a bi? Amsa ita ce a yi jerin kalmomi guda ɗaya da masu fassara na ɓangarorin biyu za su yarda da shi, a zaɓi wadda kowa ke ganewa, in ta kama a kawo biyun. Mutanen da ke cin kasuwa ɗaya tsakanin Konni da Illelar Sakkwato kowane mako ba za su kasa fahimtar juna a kan shafi ɗaya ba.

Jama'a, mu tattara. Manhajojin nan an bar mana su a buɗe, kuma tuni muna aiki da su. Abin da ya rage shi ne bayani. Bayanin kuma wanda ke aiki da abin ne ya fi cancantar rubuta shi. Don haka ga roƙona. Majoro, shugaban asibiti, ka tambayi ma'aikatanka tambayar da suka fi yawan yi game da rahoton wata, ku rubuta amsarta a shafi ɗaya. Shugaban ƙungiyar manoma, ka sa sakatarenka ya rubuta yadda yake cika fom, mataki-mataki. Malamin lise, wato sakandare, ka ba ɗalibanka aikin fassara jimla ashirin na wata manhaja, ka duba musu kafin su aika. Ƴan mata da samari masu waya a hannu, ku zaɓi manhaja ɗaya cikin makon nan, ku bi jagorarta, ku kai rahoton wuri ɗaya da kuka tsaya. Wanda ya rubuta, ya ba wani ya gwada. Wanda ya gwada, ya faɗi gaskiya. Abin da ya inganta, a miƙa shi ga masu aikin don na Maraɗi da Damagaram da Katsina su ma su amfana. Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba mu ikon isar da shi.